Fasahar Talla da Farautar Surutu

Talla irin na zamani, wato saƙon da mai haja ke biyan kuɗi a yaɗa masa ta rediyo ko talabijin ko allon bakin titi ko intanet, sana'a ce da ɓangarori uku ke tarayya a cikinta: mai hajar da ke zuba kuɗi, da kamfanin shirya talla da ke ƙulla dabarar, da kuma mai saye, wanda dominsa ake yin komai amma ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara. Sana'ar ta kusa cika shekara ɗari a Najeriya idan aka ƙirga daga 1928, lokacin da aka kafa West African Publicity domin tallata hajar kamfanonin Turawa, kamfanin da daga baya ya rikiɗe ya zama Lintas. A mafi yawan wannan lokaci, abin da ake auna gwanintar mai shirya talla da shi shi ne gangamin talla, wato jerin tallace-tallacen da aka ɗora a kan manufa guda ana nanata ta watanni ko shekaru har ta zauna a zukatan mutane. Tun da shafukan sada zumunta suka zama kasuwar da kowa ke ci kullum, ma'aunin ya karkata zuwa ga yawan surutun da saƙo guda ya tayar a yini guda, kuma wannan karkatar ce ta bai wa wayo damar zama a kujerar fasaha.

Bambancin da ke tsakanin biyun ya fito fili a tallan da masana sana'ar suka fi kafa hujja da shi, wanda kamfanin Doyle Dane Bernbach na birnin New York ya shirya wa motar Volkswagen Beetle a 1959. A wancan zamani manyan motoci masu fiffike a baya Amurkawa ke yayi, sai ga wata 'yar ƙaramar mota mai ƙusumbi, ƙirar Jamus, shekara 14 kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Masu shirya tallan suka ajiye ɗan mitsitsin hoton motar a can kusurwar sama, suka bar sauran shafin fari fat, sannan suka jera a ƙasa irin ribar da ke cikin ƙanƙanta, kamar ƙarancin shan mai da sauƙin samun wurin ajiyewa. Wannan dabara daga jikin motar aka tsiro da ita, ta yadda da za a ɗauke ta a liƙa wa wata mota, da ta rasa ma'ana nan take, kuma da wannan siffa ake gane dabarar da ta cancanci a kira ta fasaha.

Najeriya tana da nata misalin, kuma daga kamfanin da ke ɗauke da sunan wancan gida a Legas, wato DDB Lagos, ya fito. A ranar 22 ga Afrilun 2013 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta ƙaddamar da tsarin ƙaura da lamba, wanda ke bai wa mai waya damar barin kamfanin sadarwar da yake kai ya koma wani ba tare da ya rabu da lambar da aka san shi da ita ba. Bayanin irin wannan tsari ga mutum miliyoyi, waɗanda da yawansu ba za su tsaya karanta sanarwa ba, aiki ne mai wuya. Abin da kamfanin sadarwa na MTN ya yi shi ne ɗauko Hafiz Oyetoro, malamin kwalejin ilimi kuma ɗan wasan barkwanci da aka fi sani da Saka, wanda jama'a suka saba ganin fuskarsa a tallace-tallacen wani kamfanin sadarwar, Etisalat. Tallan yana buɗewa da wani mutum da ya juya baya cikin duhu-duhu, koren haske irin launin Etisalat yana sauka a kan tufafinsa, sai da ya juyo hasken ya koma ruwan ɗorawa irin na MTN, sai ga Saka yana rawa yana shelanta da Turancin buroka cewa shi kam ya yi ƙaura.

Gwanintar da ke nan ita ce mutumin da kansa ya zama bayanin hajar, domin fuskar ba ta sauya ba, gidan ne ya sauya, kuma abin da tsarin ke yi wa lambar waya ke nan daidai wa daida. Wanda bai taɓa jin labarin tsarin ba ya fahimce shi kafin rawar ta ƙare, kuma dariyar da aka yi wa Etisalat ta zo ne a matsayin gyara a kan ciniki. Adalci ne a ƙara da cewa yawan waɗanda suka yi ƙaurar a zahiri bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da adadin layukan da ke ƙasar, saboda ɗan Najeriya ya riga ya yi wa kansa magani da riƙe layi biyu ko uku, kuma babu rawar da za ta gyara layin da ke yankewa ana tsakiyar magana. Duk da haka tallan ya sauke nauyin da aka ɗora masa, wanda shi ne fahimtar da mutane.

Akasin haka ya bayyana a bikin Ista na 2022, lokacin da bankin Sterling ya aika wa abokan hulɗarsa hoton burodin Agege, wato burodin nan mai laushi da danƙo da aka san Legas da shi, tare da jimlar da ke kamanta tashin Yesu Almasihu daga matattu, kamar yadda Kiristoci suka yi imani, da kumburin burodi. Wasan kalma ne kurum, domin a Turanci kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'anar tashi da ta kumbura. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya ta yi tir da saƙon, hukumar kula da tallace-tallace ta ce ba a kawo mata shi ta tantance ba, uzurin farko da bankin ya fitar kuwa, wanda ya jingina da maganar wanda bai taɓa zunubi ba ya fara jifa, ya ƙara wa wutar fetur, har sai da shugaban bankin, Abubakar Suleiman, ya rubuta wasiƙar ban haƙuri. Shekara guda bayan nan, a Jumma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciyewa, masu madarar Peak suka saka hoton gwangwanin da ya lanƙwashe aka huda shi wuri biyu, suna nuni da raunukan gicciye, kuma kamfanin FrieslandCampina WAMCO shi ma ya janye hoton ya nemi gafara.

Na biyun ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin akwai lura ta gaske a cikinsa. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ga yadda ake huda gwangwanin madara wuri biyu, ɗaya madarar ta zubo, ɗaya iska ta shiga, kuma wanda ya tsara hoton ya hango wannan abu da kowa ke gani kullum bai kula ba. Sai dai lurar ta tsaya a kan gwangwanin, ba ta ƙarasa ga mutumin da zai ga hoton a wayarsa yana fitowa daga coci a ranar da ta fi kowace nauyi a wurinsa ba. Haka nan babu abin da burodi ya faɗa game da banki, ko ajiyarsa ko bashinsa ko layin da ake bi a harabarsa, kuma kowane kamfani, daga mai sayar da siminti har mai inshora, zai iya sa tambarinsa a ƙarƙashin wannan hoto ba tare da an ga baƙo ba. Tushen matsalar al'adar nan ce da ta kankama ta cewa dole kowane kamfani ya ce wani abu a kowane biki, Ista ko Sallah ko ranar mata, cikin 'yan sa'o'i, kuma ya fi na maƙwabcinsa jan hankali. Mai irin wannan gaggawa ba shi da lokacin tono wani abu daga hajarsa, don haka sai ya ari nauyi daga abin da mutane suka riga suka ɗauka da girma, addini ko makoki ko gwagwarmaya.

Kamfanonin shirya talla sukan ce irin wannan ɓaranɓarama tana aukuwa ne idan mai haja ya yi aikin a cikin gida, inda babu baƙon idon da zai ce a dakata, kuma sukan kafa hujja da tallan Pepsi na Afrilun 2017, wanda sashen cikin gida ya shirya, inda fitacciyar mai tallan kayan ƙawa Kendall Jenner ta shiga zanga-zanga ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo kowa ya ɓarke da murna, aka janye shi bayan kwana guda. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana da ƙamshin neman kwangila, domin ɗakin kamfanin shirya talla shi ma yakan cika da mutanen da suka yi karatu iri ɗaya, suke zaune a unguwa ɗaya, abu ɗaya ke ba su dariya. Dokar 2022 da ta maye gurbin hukumar kula da tallace-tallace ta APCON, wadda aka kafa a 1988, da sabuwar hukuma mai suna ARCON ta ƙarfafa tantance talla kafin fitarsa, kuma hukumar ta hana amfani da baƙin fuskoki da baƙin muryoyi daga 1 ga Oktoban 2022. Tantancewa tana iya tare cin fuska a bakin ƙofa, amma ba ta da ikon haifar da dabara, kuma kasancewar fuska ta gida ba ya nufin tunanin da ke bayanta ya san gidan.

Mai sauraron Hausa ya fi kowa sanin wannan, saboda yawancin manyan tallace-tallacen da ke isa gare shi a Legas aka yi tunaninsu da Turanci, aka amince da su da Turanci, sannan a ƙarshen aiki aka miƙa wa mai fassara. Sakamakon shi ne muryar rediyo da ke tseren cusa doguwar jimlar Hausa cikin daƙiƙoƙin da aka yanka wa gajeriyar jimlar Turanci, da wasan kalmar da ya mutu a hanya aka kawo gawarsa, da allon bakin titi da aka buga babu lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, har ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Idan Sallah ta zo kuwa, sai a ɗora jinjirin wata da rago a kan saƙon da aka riga aka gama, a ɗauka an yi wa Arewa magana. Abin ban takaicin shi ne wannan al'umma ce da ta daɗe da sanƙira da dillali da maroƙi, masu sana'ar sarrafa harshe domin jawo hankali, inda mai tallan magani da lasifika a bakin tasha, duk da batsar da ake kuka da ita a bakinsa da alkawuran da ba su da tushe, yakan tsayar da mai sauri ya saurare shi minti goma, domin ya san abin da ke hana mutumin barci kuma ya san kalmar da mutumin ke kiran abin da ita a gida.