Tsakanin baki da baƙi

Ƴan'uwa masu karatun manya, mun duba sabon littafin koyon baƙaƙe da ya iso cibiyarmu. Hotunansa sun yi kyau, rubutun kuma manya-manya ne, ko tsoho yana gani. Amma akwai gyara. Littafin ya jera b da ɓ, k da ƙ, ya ce ƙugiya ce ta raba su. Bai faɗi abin da baki ke yi ba.

To, mu gwada. Ɗora yatsa bisa maƙogwaro, ka ce "bari". Leɓɓa sun haɗu, iska daga huhu ta buɗe su. Yanzu ce "ɓari": ƙoƙon maƙogwaro ya yi ƙasa. A "ƙafa" sama yake yi, hanyar huhu a rufe. A "kafa" kuwa huhu ne ke turo iska. Toshe hanci ka ja "mmm", za ta maƙale, don ta hanci take fita.

Taron Bamako na 1966 ya riƙe ƙugiyoyin nan don sautinsu daban ne. Wanda bai ji su a wuyansa ba, ran da ya rubuta wa ɗansa wasiƙa a ƙara masa kuɗi, "kara" zai rubuta. In za a sake buga littafin, a sa wannan gwaji tun shafin farko.