Jinjina ga mai gyaran keke

Mutumin da ya raɗa wa kekensa suna, yana ce masa Ɗan Baƙi ko Na Gode, ba ya yarda ya rabu da shi. Mai riƙe masa wannan amana shi ne mai gyaran keke, zaune a gindin darbejiya, yana tsoma tub a bahon ruwa don gano inda iska ke fita. Ya yi faci, ya ɗaure sarƙa, ya miƙe ƙafar da ta karkace waya bayan waya, aikin da sai mai haƙuri. Albarkacin hannunsa tsofaffin kekunan Raleigh da Phoenix ke kai manomi gona, ɗalibi makaranta har yau. Ladansa bai kai wahalarsa ba. In ka je wurinsa, kada ka matsa masa da ciniki.