Gottfried Silbermann, Maƙerin Ogan na Saksoni

Ogan shi ne babban kayan kiɗan coci wanda ke fitar da sauti idan zuga-zugi ya tura iska cikin ɗaruruwan bututu, kuma a cikin waɗanda suka ƙera shi a Jamus, kaɗan ne suka kai Gottfried Silbermann gwaninta. An haife shi a Saksoni a 1683, ya koyi sana'ar a hannun yayansa Andreas a Strasbourg, sannan ya komo gida ya kafa maƙerarsa a Freiberg, inda a 1714 ya kammala ogan ɗin babban cocin garin mai rukunin bututu 44, kowane rukuni da irin muryarsa.

Abin da ya fi cancantar yabo a aikinsa shi ne rashin sassauci wajen zaɓen kaya, domin yakan yawaita kuza a cikin ƙarfen bututun, ya kuma daidaita bakin kowanne da haƙuri har sai sautin ya fito garau. Shahararren makaɗi Johann Sebastian Bach da kansa ya kaɗa ogan ɗin da Silbermann ya ƙera wa cocin Frauenkirche na Dresden a 1736, wanda yaƙi ya lalata a 1945. Silbermann ya rasu a 1753, amma ogan ɗinsa na Freiberg yana nan ana kaɗa shi har yau.