Arha Mai Tsada: Na Sake Kallon Fim ɗin Greenwald

Ranar Asabar da ba ni da aiki na zauna da ɗiyata muka kalli fim ɗin Robert Greenwald na 2005, Wal-Mart: The High Cost of Low Price. Malaminsu ne ya ba su aikin gida a kansa. Lokacin da na fara ganinsa ban daɗe da zuwa Shikago ba, kuma na yarda da duk abin da ya faɗa. Wannan karon kam sai da na yi ta tsayar da shi ina gardama da talabijin, har yarinyar ta ce, "Mama, ki bari mana mu gama."

Fim ɗin yana da ƙarfi inda ya bar ma'aikata suna magana da bakinsu. Mutum yana aiki a kamfanin da ya fi kowane kamfanin Amurka yawan ma'aikata, amma albashinsa bai isa ya biya inshorar lafiya ba, sai ya koma layin Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati. Duk wanda ya yi aikin jinya a ƙasar nan ya san ƙarshen wannan labari. Mai ciwon suga zai riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata, sai a kawo mana shi ƙafa ta kumbura. A nan ban ga ƙarin gishiri ba.

Inda muka rabu da Greenwald shi ne batun majalisun birane. Ya ɗauko Inglewood ta Kalifoniya, inda a Afrilun 2004 kamfanin ya kashe sama da dala miliyan 1 don ya tsallake majalisa ya kai maganar gaban masu zaɓe kai tsaye, kuma kusan kashi 60 cikin 100 suka ce ba sa so. Daga nan sai kiɗa ya tashi, sunayen garuruwan da suka hana a gina musu katafaren kanti suka yi ta gudu a allo, kamar an ci kofi. (Af, ga masu son ƙwallo: filin nan na Inglewood daga baya Stan Kroenke, mai Arsenal, ya saye shi, yanzu yana cikin harabar filin wasa na SoFi. Matarsa kuwa 'yar gidan Walton ce, masu Walmart.)

To amma wa ke sayayya a kantin? Matar da ke tura keken kaya da yara uku a bayanta, tana lissafin kuɗin madara da na kunzugun jariri, fim ɗin bai tsaya ya saurare ta yadda ya kamata ba. Ita ce mu, 'yan'uwa. Yawancinmu da muka zo da akwati ɗaya, a irin waɗannan kantunan muka sayi tukunyar farko da bargon sanyin farko. Ko a 2006, da kamfanin ya fara sayar da wasu magunguna a dala 4, na ga marasa lafiyar da suka daina tsallake maganin hawan jini saboda haka. Mai shirya fim da ya ɓoye wannan ya sauƙaƙa wa kansa aiki ne kawai.

Abin da ya faru a garinmu bayan fitowar fim ɗin ya fi fim ɗin kansa koyarwa. A Yulin 2006 majalisar Shikago ta zartar da doka da ƙuri'a 35 da 14: duk kantin da ya kai faɗin ƙafa murabba'i 90,000, wanda kamfaninsa ke cinikin dala biliyan 1 a shekara, sai ya riƙa biyan dala 10 a awa da ƙarin dala 3 na alawus kafin 2010. Lokacin mafi ƙarancin albashi a Illinois dala 6.50 ne. Ku lura, ba cewa aka yi kada su zo ba, cewa aka yi su zo da sharaɗi. Magajin gari Richard M. Daley ya hau kujerar na ƙi a watan Satumba, karo na farko cikin shekara 17 da ya yi a mulki, kansiloli kuma suka kasa haɗa ƙuri'a 34 da za su danne shi. Abin da fim irin na Greenwald ba zai iya ɗauka ba shi ne, cikin waɗanda suka mara wa Daley baya har da wasu fastoci da kansiloli na unguwannin baƙaƙen fata, inda sai ka hau bas biyu kafin ka ga ɗanyen tumatir. Su aiki suke nema da wurin cefane, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. A watan ne aka buɗe Walmart na farko a birnin, a unguwar Austin.

Sai Afrilun 2023. Kamfanin ya sanar da rufe huɗu daga cikin kantunansa takwas na Shikago, ya ce yana asarar miliyoyin daloli duk shekara, kuma ba a yi mako da sanarwar ba aka sa kwaɗo. Har da babban na Chatham, wanda ke da ɗakin shan magani a ciki. Wannan haɗarin ne fim ɗin bai hango sosai ba. Shi tsoronsa ranar da kanti zai shigo. Ni yanzu tsorona ranar da zai fita, bayan unguwa ta ɗora cefanenta da maganinta da aikin 'ya'yanta a kan ƙofa ɗaya. Da kansiloli sun sa hankalinsu nan, da sun yi gardama kan wa'adin sanarwa kafin rufewa, da kuma abin da za a yi da kangon da za a bari.

Ɗiyata ta tambaye ni ko ta rubuta cewa fim ɗin ƙarya ne. Na ce a'a, ta rubuta cewa rabin shaidu aka kira. Ta ce malamin nasu yana son fim ɗin ƙwarai. Na ce ta sa shekarar 2023 a sakin layi na farko.