Bakin Gwaggo da Littafin Haraji: Nazari kan Bin Salsala a Ƙasar Dandi

Tun da intanet ya shigo har cikin rumfunan kasuwar Malanbil, wata magana ta samu gindin zama a bakin samarinmu 'yan boko. Sun ga yadda Baturen Ingila kan zauna gaban kwamfuta ya zaƙulo kakan kakansa daga takardun ƙidayar jama'a, da shekarunsa da sana'arsa da gidan da ya kwana, sai suka yanke hukunci cewa mu ba mu da tarihin gida. A wurinsu, wane ya haifi wane da gwaggo ke jerowa hirar bayan tuwon dare ce kawai, kuma gani ya kori ji. An yi gaggawa a wannan hukunci. Masu yanke shi ba su san yadda Turawan kansu ke aiki da takardunsu ba, ba su kuma tsaya sun auna nauyin bin salsala irin tamu ba.

Mu fara da takardun da ake yi mana gori da su. Ingila ta fara ƙidaya a 1801, amma sai a 1841 aka fara rubuta sunan kowane mutum a duk faɗin ƙasar. A wannan ƙidaya, duk wanda ya haura shekara 15 sai a rage masa shekaru zuwa biyar-biyar, mai 34 ya koma 30. A 1851 aka ƙara dangantakar kowa da mai gida da garin haihuwarsa. Ana rufe takardun shekara ɗari kafin a buɗe wa jama'a, shi ya sa na 1921 bai fito ba sai a Janairun 2022. Na 1931 gobara ta cinye shi a 1942, a 1941 kuwa yaƙi ya hana a yi. Ko a cikin waɗanda suka tsira, ga kuskuren mai kwafa, ga wanda ya rage shekaru, ga wanda ya ɓoye aure. Don haka gwanayen wannan fanni a can ba sa yarda da shafi ɗaya. Sukan gwada shi da littattafan coci da aka fara tun 1538, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati da ta soma a 1837, sannan su nemi tsofaffin gida. Abin koyi a wurinsu shi ne wannan gwaji na shaida da shaida.

Mu kuma namu takardun haraji ne ya haife su. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Dandi, Illo ya faɗa hannun Ingilishi, Gaya da garuruwan gaɓar Kwara irin su Garu da Karimama suka faɗa hannun Faransa, daga baya kogin ya zama iyaka tsakanin Dahome da Nijar. Dangi ɗaya, Kyangawa ne ko Dandawa, Fulani ko Zabarmawa, Sarkawa masunta ko Hausawa fatake, sai ga sunayensu a littattafan gwamnati uku. A ɓangaren Faransa, kumandan da tafintansa kan bi gari-gari suna rubuta masu gida da mutanensu don harajin bodo da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. A ɓangaren Ingilishi, hakimi da dagaci da malamin haraji ke wannan aiki, ga jangali a kan shanu. Abin da ya rage na irin waɗannan takardu yana warwatse a gidajen ajiyar tarihi na Porto-Novo da Yamai da Dakar da Kaduna. Ƙidayoyin Benin na 1979 da 1992 da 2002 da 2013 kuwa jimla suke bugawa, ba sa ba ka sunan kakanka.

Wasu dattawa na cewa a watsar da littafin haraji kwata-kwata, tunda kowa ya san da an ji kumandan na tafe sai samari su haye kogi ko su shige daji. Ban bi su ba. Ranar 12 ga Yulin 2005 kotun duniya ta ba Nijar tsibirin Lete, kuma takardun zamanin mulkin mallaka da suka nuna wa ke gudanar da tsibirin su ne suka yi nauyi a shari'ar. Takardar da ta iya raba gardamar ƙasa da ƙasa ba abin yarwa ba ce. Tana da amfani, sai dai ba ta magana sai an san yadda za a tambaye ta, kuma mabuɗin tambayar yana cikin sunayen da ke kanta.

Nan ne na fi son a tsaya, domin nan ne ƙarfinmu yake. Sunan Bature a takardar ƙidaya ba ya gaya maka komai sai dangin ubansa. Laƙabin Bahaushe kuwa yakan ɗauko bayanin da mai ƙidaya bai ma tambaya ba. Ɗanladi da Talatu da Lami da Jummai sun ba ka ranar haihuwa. Nomau da Anaruwa sun ba ka damina, Azumi da Sallau sun ba ka wata. Tanko ya shaida maka mata ne suka riga shi, Kande da Delu sun ce maza ne a gabansu, Gambo ya ce akwai tagwaye, Auta ya rufe ɗaki. Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba. Ajuji da Ayashe da Abarshi sun nuna uwarsu ta sha binne 'ya'ya kafin su. Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, jeri ne da ake ƙirgawa kamar lamba. Wanda kuma ake kira Babangida ko Uwani, sunan kaka ne ya ci aka sakaya don kunya, wato ya ba ka sunan mutumin da ke hawa ɗaya sama da shafin da kake karantawa.

A ɗauka, don misali, an samu shafi daga wani littafin haraji na wajen Garu: mai gida Garba Na-Jega, mata biyu, 'ya'ya Sani da Rabi'u da Kande da Ajuji da Babangida. Wanda ya taso da tunanin takarda zalla zai kwafa ya ce gida mai mutum takwas, ya wuce. Mai bin salsala kuwa yanzu ya fara aiki. Garba dai Abubakar ne, don haka idan dangi suka ce kakansu Malam Abubakar ko Habu, ba saɓani. Na-Jega ya nuna daga ƙasar Kabi ya zo, ko can yake fatauci, kuma Jega na kan tsohuwar hanyar ayarin goro da ke haye Kwara ta wajen Illo da Gaya ta nufi Zugu da Salaga a ƙasar Gwanja. Ga Sani ga Rabi'u, to ina Auwalu, ina Salisu? Ajuji ɗan wace ce a cikin matan biyu? Babangida kuma, in an san sunansa na yanka, an san sunan mahaifin Garba, mutumin da wataƙila bai taɓa shiga littafin kowace gwamnati ba.

Da waɗannan tambayoyi ake zuwa gaban tsohuwa. Ba a ce mata ta ba da tarihin gida, domin sai ta ce ba ta san komai ba. Cewa ake yi: "Gwaggo, wa ke tsakanin Baba Sani da Baba Rabi'u?" Nan take za ta ce ai akwai Salisu, wanda aka haye da shi Gaya riƙo wurin kawunsa shekarar da ake kamun samari, can ya yi aure, 'ya'yansa na Kamba. Giɓin da ke cikin takarda ya zama reshen dangi guda, ya kuma nuna maka littafin wace ƙasa za ka nema gaba. Ba shakka laƙabi ba hukunci ba ne, domin akan sa wa yaro Sani don takwara ba don jeri ba. Aikinsa shi ne ya haifar da tambayar da ta dace, amsar kuwa sai an gwada ta da baki biyu ko uku.

Sai kuma rikicin rubutu. Mutum ɗaya, malamin Faransa zai rubuta shi Oumarou, na Ingilishi ya rubuta Umoru, malamin zaure ya rubuta Umar da ajami a bangon littafinsa, a gida kuma Sanda ake ce masa. Usman ne Shehu, Abdullahi ne Audu, Ibrahim ne Iro. Babu kwamfutar da za ta haɗa maka waɗannan in ba ka san al'adar ba. Haka zancen shekaru. Takardun haihuwa da yawa na ƙasashen renon Faransa cewa suke an haifi mutum wajajen shekara kaza, kuma tafinta ne ya dubi fuska ya ƙiyasta. Tsohuwa ba ta san lamba ba, amma ta san wane yana goye lokacin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914 da Zabarmawa ke kira Gande Beri, ta san wance ta yi aure kafin a gina gadar Gaya da Malanbil a 1958, ta san wanda aka yi wa kaciya shekarar samun mulkin kai, 1960. Wannan ma'auni ya fi ƙiyasin tafinta kusa da gaskiya.

Hujja mafi ƙarfi da masu suka ke da ita ita ce, kowane gida ka tambaya sai ya ce daga Gabas kakanninsa suka fito, kuma ana tsallake sunaye, ana rufe asalin bauta. Haka ne, saman salsala wurin alfahari ne, a can ake ƙawa. Amma hawa huɗu ko biyar na ƙasa ba wurin wasa ba ne, saboda rayuwa ta rataya a kansu. Rabon gado a Musulunci ba ya yiwuwa sai an san shaƙiƙi da li'abi, an san wanda ya riga wani rasuwa. Aure ba ya ɗauruwa sai an tabbata babu muharrama, har wadda aka sha nono ɗaya da ita. Iyakar gonar fadama da sarautar unguwa duk da wannan lissafi ake kare su. Ilimin da za a ƙaryata ka a kansa gaban liman ko alƙali in ka yi kuskure, ilimi ne da aka tace shi shekara da shekaru. Littafin kumandan bai taɓa fuskantar irin wannan bincike ba.

Kuma mafi yawan wannan ilimi a hannun mata yake. Littafin haraji yakan taƙaita su a cikin lamba, salsalar da maroƙa ke yi ta maza ce, amma wa ya san wace ce ta shayar da wane, wa aka ba riƙo, wace ce ta fita ta sake aure a Madekali ko Illo? Gwaggo da inna da kaka. Sai dai a kula da alkunya. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, sau da yawa ma in tana ƙirga 'ya'ya sai ta tsallake shi. Mai bincike da bai san haka ba zai rubuta ƙarya da hannunsa. Sunan ɗan fari a bakin kishiyar uwa ko ƙanwar uba ake samunsa.

Abin da ke damuna shi ne wannan taska tana ƙarewa ta fuska biyu. Tsofaffi na tafiya, laƙuban kuma ana daina sa su. Tun rajistar jama'a da Benin ta fara a 2017, da makamantanta a Nijar da Nijeriya, suna ya zama abu ɗaya tak da aka buga a kati, sunan yanka da na uba, ba Tanko ba Gambo. Katin yana da amfaninsa, amma jikanmu da zai buɗe rajistar bayan shekara ɗari zai tarar da Muhammadu Abubakar dubbai, babu abin da zai bambanta masa su.

Don haka duk gidan da ke da ɗan makaranta, a Garu ne ko Gaya ko Kamba, ya kamata ya buɗe littafin kansa. A rubuta kowane mutum da sunan yanka da laƙabi da yadda aka rubuta shi a kati, da sunan uwarsa da garinta, da wanda ya riƙe shi, da tsagen gidansu in akwai, da abin da ya faru shekarar haihuwarsa. A rubuta kuma daga bakin wa aka ji. A fara da mace mafi tsufa a dangi tun tana da ƙarfin magana, domin takardun Porto-Novo da Kaduna za su iya jiran baɗi, ita kuwa babu wanda ya san ranarta.