Ku tsaya ku kalli aikin Obata mana

Abin nan ya fara isata. Da zarar an baje kolin zanen wani ɗan Japan da ya yi ƙaura zuwa Amurka ko Turai, yabo ɗaya ake yi masa: wai ya haɗa Gabas da Yamma. Shi ke nan, a tafa, a wuce. Haba jama'a! Ba wanda zai tambaya ta yaya ya haɗa su, da wane hannu, kuma me ya sha kafin nan.

Ku dubi Chiura Obata. Tun yana yaro a Japan aka horar da shi zane da baƙar tawadar sumi. Ya sauka Amurka a 1903. A 1927 ya yi makonni a duwatsun Yosemite yana zana su, sannan ya koma Tokyo, inda masassaƙa da masu ɗab'i suka mayar da zanen a kan allunan katako guda-guda, kowane launi da nasa bugun. Hoto 35 suka fito. Ka tsura wa ɗaya ido: dutsen na Kalifoniya ne, amma layin da ya fitar da gefensa, mai kauri a nan, siriri a can, ja ɗaya ne na buroshi wanda ba a gogewa. Wannan horon shekaru ne. Masu yabon nan kuwa suna magana kamar gari da ruwa ya dama.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yabon ke rufe tarihi. Mutumin nan yana koyarwa a Jami'ar Berkeley tun 1932, amma a 1942 aka kwashe shi da iyalinsa zuwa Tanforan, filin sukuwar dawaki, daga nan sai sansanin Topaz a hamadar Utah, don kawai asalinsa Japan ne. A can ya buɗe makarantar zane ga 'yan'uwansa tsararru. Takardar zama ɗan ƙasa sai 1954 ya same ta. Yammar da ake cewa ya rungumo ita ce ta tsare shi bayan waya mai ƙaya.

To, na yarda, yabon ya ja mutane zuwa gidajen tarihi, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma ya yi wa Obata kaɗan. Masu shirya baje koli, don Allah ku riƙa gaya mana yadda aka yi aikin da kuma inda aka yi shi.