Tadlisi a Babi na Biyu: Sharhi kan Bitar Ayyukan Magabata game da Sabon Garin Kano

Duk wanda ya duba kundayen digiri da ake rubutawa kan addini a Sabon Garin Kano zai tarar da illa guda tana maimaita kanta a babi na biyu. Ɗalibi yakan jera sunayen marubuta da shekaru, ya taƙaita kowanne a sakin layi ɗaya, sa'an nan ya ce akwai giɓin da zai cike, alhali bai auna hujjar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Misali mafi bayyana shi ne aikin Abner Cohen na 1969. Cohen ya yi nazari ne a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, fataken goro da shanu waɗanda ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙarfafa haɗin kansu. Sabon Garin Kano kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a wajejen 1913 domin baƙi, akasarinsu daga kudu. Wanda ya kafa hujja da Cohen a kan Kano ya tona kansa cewa sunan littafin ya gani a wani kundi, bai buɗe shi ba.

Malaman Hadisi sun daɗe da sanin wannan cuta. Mai ruwaya ya nuna kamar ya ji daga malamin da bai ji daga gare shi ba, shi ne tadlisi, kuma Ibnus Salah ya yi bayaninsa a Muƙaddimarsa. Abin takaici ne ɗalibin da ya karanta Musɗalahul Hadisi ya aikata irinsa a rubutunsa.

Illar ba ta tsaya ga amana kaɗai ba. Kwafe-kwafen nan ne ya sa ake ɗaukar unguwar tamkar ta Kiristoci zalla, ana mantawa da Yarabawa Musulmi da masallatansu da makarantun Ansaruddini, da cuɗanyarsu da mutanen Fagge. Da an karanta Ahmed Bako (2006) kan tarihin baƙin Sabon Gari, da Rasheed Olaniyi (2008) kan Yarabawan Kano, aka gwama su da John Paden (1973) kan ɗariƙu da siyasar Kano, da an ga inda suka haɗu da inda suka saɓa.

Saboda haka ya wajaba masu duba kundi su nemi ɗalibi ya kawo shafin da ya ciro magana, ya kuma bayyana fili idan ta hannun wani ya same ta. Allah Shi ne Masani.